Muhammadu Gado Bakwakwa: Jikan Katsinawan Da Aka Sayar, Ya Rubuta Tarihinsa A Amurka

Duk wanda ya hau mota daga Bè ya nufi gabas, ya bi titin bakin teku ya wuce tashar jiragen ruwa da Bagida da Agbodrafo, bayan tafiyar kilomita kusan 45 zai isa Aneho, daga nan kuma sai kan iyaka. 'Yan kasuwarmu na Zongo suna bin wannan hanya dare da rana a kan hanyarsu ta zuwa Kwatano da Ikko, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin cewa a wannan yanki na gaɓar teku, tsakanin Aneho da Aguwe kamar yadda masanan da suka bi sawunsa suka fi rinjayarwa, aka jefa wani saurayi Musulmi cikin jirgin bayi a shekarar 1845, saurayin da mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. Sunansa Muhammadu Gado Bakwakwa, Turawa kuma suka rubuta shi Mahommah Gardo Baquaqua.

Abin da ya sa ya cancanci wannan fili shi ne, daga cikin miliyoyin 'yan Afirka da aka kwasa zuwa ƙasar Birazil, shi kaɗai ne aka sani wanda aka haifa a nan, ya yi bauta a can, sa'annan ya bar wa duniya littafin tarihin rayuwarsa. Yau malaman tarihi a makarantun Amurka da Kanada da Birazil suna sauko da littafin nasa daga intanet suna karantar da ɗalibansu, alhali mu da ya ratsa ƙasarmu da sarƙa a wuya ko sunansa ba mu riƙe ba.

An haife shi a garin Zugu, wanda Faransawa suke rubutawa Djougou, a arewa maso yammacin Jamhuriyar Benin ta yau, ba nisa da iyakar Togo. Farfesa Robin Law da Farfesa Paul Lovejoy, waɗanda suka fi kowa bincike a kansa, sun ƙiyasta haihuwarsa a wajejen shekarar 1824. Idan mai karatu jikan fatake ne, ba ya buƙatar a gaya masa matsayin Zugu a wancan zamani. Zango ne babba a kan hanyar Gwanja, wato hanyar da ayarin Hausawa ke bi daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki, su sauka Zugu, sa'annan su bi ta ƙasar Kotokoli su nufi Yandi da Salaga. Suna tafiya da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, da bayi kuma, gaskiya ɗaya ce, su komo da goro. Sarautar garin tana hannun 'yan ƙasa, amma unguwar 'yan kasuwa Musulmi, wadda ake kira Wangara, Dandanci ake yi a cikinta, harshen da ke da dangantaka da Zabarmanci, ga kuma Hausa da ke yawo a bakin baƙi da masu masauki.

A wannan unguwa iyayensa suka haɗu. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne Musulmi daga ƙasar Bargu, mai kula da salla, wanda ya taɓa yin arziki daga baya dukiyar ta karye. Mahaifiyarsa kuwa asalinta Katsina, kuma danginta masu hali ne. Sunan Gado da aka ba shi, kamar yadda littafin da kansa ya bayyana, suna ne na yaron da aka haifa bayan tagwaye, wato dai abin da yawancinmu ke cewa Gambo.

An sa shi makarantar allo a hannun wansa, wanda malami ne da sarakuna ke nema don duba da addu'a. Gado bai yi ƙaunar karatu ba, bulalar wan nasa kuma ba ta ƙara masa son allo ba, kullum sai ya gudu. Da aka ga haka sai aka miƙa shi ga kawunsa, maƙerin sarki, attajiri mai gida a Salaga, wanda ke cinikin zinariya da azurfa da tagulla da ƙarfe. A maƙerar kawun nan ya koyi yin allura da wuƙa da aska da sauran ƙananan kayan ƙira. Abin lura a nan, yaron da ya tsere wa allo a Zugu shi ne daga baya zai zauna aji a ƙasar Turawa yana ɗan shekara ashirin da wani abu, yana koyon baƙaƙen boko tare da yara.

Kamun farko ya same shi ne a ƙasar Gwanja. Ya bi ayarin 'yan alaro masu ɗaukar hatsi zuwa Daboya, garin gishiri da saƙa da ke arewacin Ghana ta yau, inda wansa yake zaune a lokacin. Yaƙi ya rutsa da su, aka ci garin da yaƙi, aka kama shi. Wannan karon Allah Ya sa wan nasa ya gano inda yake ya biya fansa, ya komo gida. Fansar ɗan dangi abu ne sananne a tsakanin Musulmin wancan zamani, kuma muddin mutum yana kusa da gida akwai sauran fata. Dillalan bayi ma sun san haka, shi ya sa suke gaggawar nisanta wanda suka saya da garinsu.

Bayan dawowarsa sai ya shiga hidimar wani basarake a wani gari da ke kusa da Zugu, ya zama ɗaya daga cikin dogaransa na jiki. A nan ne ya kamata a yaba wa Gado, domin bai wanke kansa a littafin ba. Ya faɗi cewa shi da abokan aikinsa sun riƙa ƙwace kayan talakawa da sunan sarki, babu mai iya ɗaga musu murya, kuma a wannan zama ya koyi shan giya. Kusancinsa da basaraken ya jawo masa hassada. Wata rana wasu da ya ɗauka abokai suka gayyace shi ziyara wani ƙauye, aka tarbe shi da girmamawa irin wadda ba ta dace da matsayinsa ba, aka yi ta zuga shi ana ɗura masa giya har hankalinsa ya gushe. Da gari ya waye abokan sun tafi, shi kuma ya farka a ɗaure, an riga an karɓi kuɗinsa. Babu Bature ko ɗaya a wannan ciniki na farko. Mutanen da ya ci abinci da su ne suka sayar da shi, kuma wannan wuri ne da ba ma son tsayawa a kai idan ana zancen bauta.

Daga nan aka yi kudu da shi, ana sayar da shi daga hannu zuwa hannu. Sunayen garuruwan da ya lissafa sun zo a karkace saboda kunnen Baturen da ya rubuta su, amma Law da Lovejoy sun gane wasu daga ciki, har da Kirikiri da Camba, waɗanda duka suna cikin yankin tsakiyar Togo ta yau. Wato dai kafin ya ga teku sai da ya taka ƙasar nan tamu. Daga bisani aka shiga da shi ƙasar Dahome, a zamanin Sarki Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, har aka kai shi Wida. A can ya fara ganin Bature a rayuwarsa. A can kuma ya gamu da wani ɗan garinsu da aka sayar shekaru kafin shi, wanda ya gane shi ta irin askin da ke kansa, ya so ƙwarai a bar shi ya zauna a nan gaɓa, abin bai yiwu ba.

Dole a ɗan tsaya a bayyana halin da ake ciki a bakin teku a lokacin. Ingila ta haramta cinikin bayi tun 1807, jiragen yaƙinta kuma suna sintiri a gaban Wida. Ita kanta Birazil ta kafa dokar hana shigo da bayi a 1831, amma dokar ta tsaya a takarda kawai. Don haka manyan dillalai irin su Francisco Félix de Souza, wanda ake kira Chacha, da sauran takwarorinsa, sai suka koma amfani da tafkunan da suka bi bayan gaɓar teku. Akan tara bayi a wuri ɗaya, idan aka ga jirgin Ingila ya tsare gaban garin sai a zuba su a kwale-kwale a bi ta tafki zuwa wani wurin da jirgin dillalai zai iya matsowa cikin hanzari. Gidan bayin nan na Agbodrafo da masu yawon buɗe ido ke ziyarta, mai ramin da ke ƙarƙashin daɓe inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye, na wannan zamani ne na cinikin ɓoye. Haka aka yi da Gado: aka ɗauke shi daga Wida ta tafki, aka dasa masa lamba da jan ƙarfe kamar dabba, aka haɗa wuyansu da sarƙa, aka tura su cikin jirgi tsirara.

Bayanin da ya yi na cikin jirgin yana daga cikin abin da malamai suka fi karantawa a aji. Rufin wurin da aka zuba su ya yi ƙasa har ba a iya tsayuwa, sai zama ko kwanciya a cikin ƙazanta. Abincinsu dafaffiyar masara, ruwa kuwa ɗan abin da bai kai ya kashe ƙishi ba a yini, kuma ƙishirwar nan ita ce ya fi tunawa. Wanda ya mutu a jefa shi teku, wani ma tun da sauran numfashinsa. Duk da haka a cikin wannan hali ya tsinci 'yan kalmomin Fotugis, abin da ya amfane shi daga baya.

Jirgin ya sauke su a jihar Pernambuco da ke arewa maso gabashin Birazil a shekarar 1845, a wani wuri a wajen birni, tun da cinikin na sata ne. Wani mai gidan burodi ya saye shi. Da fari aka sa shi ɗaukar duwatsun gini daga bakin kogi, da ya iya ƙirga da Fotugis sai aka ɗora masa tallar burodi, ya yi ta yawo har dare, ranar da bai sayar ba kuma bulala. Maigidan ɗan Katolika ne mai yin addu'a da iyalinsa sau biyu a yini, yana tilasta wa bayi su durƙusa tare da su, bulalar tana hannunsa ko a lokacin ibadar. Gado ya gwada biyayya bai ga sauƙi ba, ya gwada gudu aka kamo shi, ya koma wa giya, daga ƙarshe ya faɗa kogi don ya kashe kansa, wasu masu kwale-kwale suka tsamo shi. Da maigidan ya ga kuɗinsa na neman halaka sai ya sayar da shi.

Ba shi ne Musulmi na farko daga ƙasashenmu da ya ɗanɗani wannan ba. A jihar Bahia da ke kudu da Pernambuco, bayi Hausawa sun shirya bore a 1807, aka sake yin wasu a 1809 da 1814, sa'annan a watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmin birnin Salvador suka yi babban boren da ake kira na Male. Bayan murƙushe shi aka koro da dama zuwa wannan gaɓar, wasu kuma suka dawo da kansu. Su da 'yan kasuwar Birazil da suka zauna a nan ne tushen mutanen da ake kira Aguda, waɗanda sunayen gidajensu irin su de Souza da d'Almeida da Olympio ba baƙi ba ne ga mazaunin Lome. Jiragen da ke kawo masu dawowa da masu kwasar sababbin bayi teku ɗaya suke bi, a shekaru ɗaya.

An kai Gado birnin Rio de Janeiro, inda wani kyaftin mai suna Clemente José da Costa ya saye shi, ya sa shi aiki a jirginsa mai suna Lembrança. Aka laƙaba masa suna José da Costa, wato sunan ubangidansa. Ya fara da goge wuƙaƙe da cokula, ya kai ga zama mai hidimar abinci, suka yi ta safara zuwa kudancin ƙasar suna ɗauko busasshen nama. A watan Afrilun 1847 jirgin ya ɗauki buhunan kofi ya nufi New York. Tun kafin su tashi ya ji labari cewa a can babu bauta, kuma kalmar Ingilishi ta farko da ya koya daga bakin wani Baturen Ingila da ke cikin jirgin ita ce wadda ke nufin 'yantacce. A hanya aka ɗaure shi a jikin igwa aka yi masa dukan da ya kusa ajalinsa, amma ya ƙi roƙon afuwa.

Sun isa New York a ƙarshen watan Yunin 1847. Jihar ta soke bauta tun 1827, kuma a 1841 ta janye dokar da ta bai wa baƙo damar riƙe bawansa har wata tara a cikinta. Saboda haka masu fafutukar yaƙi da bauta na birnin, baƙaƙe da farare, da suka ji akwai bayi a jirgin Birazil sai suka garzaya kotu. Aka gurfanar da Gado da abokin bautarsa José da Rocha. Alƙali Charles Daly ya yanke cewa su ma'aikatan jirgi ne, kuma yarjejeniyar da ke tsakanin Amurka da Birazil ta wajabta a mayar wa kyaftin da ma'aikatansa da suka gudu. Aka ɗaukaka ƙara gaban Alƙali Edwards, shi ma bai sake su ba. Ana cikin wannan ja-in-ja, suna tsare a kurkukun titin Eldridge, sai aka wayi gari a watan Agusta ɗakin babu kowa. Mai gadi ya yi barci, mabuɗi kuma ya sami hannun da ya ɗauke shi. Abin da kotu ta hana shi, dare ɗaya ya ba shi.

Masu taimakon bayin da suka tsere suka bi da su ta ɓoye zuwa Boston. A can aka ba shi zaɓi tsakanin Ingila da Haiti, ya zaɓi Haiti, saboda ƙasar baƙar fata ce da bayi suka ƙwaci 'yancinta daga Faransa a 1804, kuma yana ganin yanayinta zai yi kama da na gida. Sai dai 'yanci bai zo da tuwo ba. A birnin Port-au-Prince bai iya harshen mutane ba, ba shi da kowa, ya yi barori a gidan wani da ya wulaƙanta shi, ya kwana a titi, ya yi rashin lafiya. A wannan hali wani ɗan mishan Ba'amurke na ɗariƙar Baptis, William Judd, da matarsa Nancy suka ɗauke shi, ya zama mai dafa musu abinci, suka fara koya masa Ingilishi. A shekarar 1848 aka yi masa baftisma.

Wannan shi ne wurin da zai fi yi wa mai karatu Musulmi nauyi, kuma ba za a ɓoye shi ba. Littafinsa ya nuna shi a matsayin Kirista mai burin komawa Afirka ya yi wa'azi. Amma akwai abubuwa biyu da masana suka lura da su. Na farko, da ya sami 'yanci ya yar da sunan José da Costa, kuma bayan baftisma bai ɗauki sunan Turawa ba, ya ci gaba da amsa Muhammadu har ƙarshen abin da aka sani na rayuwarsa. Na biyu, tun daga Haiti zancensa ɗaya ne, ya koma Zugu ya ga mahaifiyarsa, kuma a wancan zamani ƙungiyoyin mishan ne kaɗai ƙofar da baƙar fata marar ko sisi zai iya bi ya sami jirgin zuwa Afirka. Abin da ke cikin zuciyarsa Allah ne masani, amma wanda zai yanke masa hukunci ya fara tuna waɗanda suka sayar da shi da waɗanda suka tsince shi a titi.

A ƙarshen 1849 ya bar Haiti, inda Faustin Soulouque ya naɗa kansa sarki kuma ake kwasar samari aikin soja, ya koma Amurka. Daga 1850 zuwa 1853 ya yi karatu a kwalejin New York Central da ke ƙauyen McGrawville. Makaranta ce da 'yan Baptis masu adawa da bauta suka buɗe a 1849, tana karɓar baƙi da fari, maza da mata, har ta ɗauki baƙaƙen fata irin su Charles Reason da William Allen a matsayin farfesoshi, abin da ba a saba gani ba a Amurkar wancan lokaci. Zaman bai kasance mai daɗi ba. A 1850 majalisar ƙasar ta kafa dokar farautar bayin da suka gudu, wadda ta sa kowane baƙar fata a arewa cikin fargaba. A 1853 kuma gungun fararen fata suka kusa hallaka Farfesa Allen don ya nemi auren wata ɗaliba farar fata, sai da ya gudu Ingila. A cikin waɗannan shekaru Gado ya yi ta yawon garuruwa yana jawabi don tara kuɗin komawa gida, ya kuma rubuta wasiƙu ga George Whipple na ƙungiyar mishan ta Amurka yana roƙon a tura shi mishan ɗin Mendi da ke Saliyo, ko da a matsayin tafinta ko mai dafa abinci. Ba a tura shi ba.

A 1854 ya ƙetara zuwa garin Chatham a Kanada, matattarar bayin da suka tsere daga Amurka. A wannan shekara aka buga littafinsa a birnin Detroit, ɗan ƙarami mai shafi sittin da 'yan kai, da taimakon wani Bature mai suna Samuel Moore wanda ya tsara shi. Littafin kashi biyu ne. A kashin farko Moore ne ke magana, yana ba da labarin Zugu kamar yadda ya ji daga bakin Gado: ganuwa da kasuwa, noma da kiwo, aure da jana'iza, azumi da salla, shari'a da yaƙi, tare da cusa nasa ra'ayin na ɗan mishan nan da can. A kashi na biyu, daga inda aka kama shi, muryar ta koma ta Gado da kansa. Wanda ya iya Hausa zai yi murmushi a wasu shafukan, domin a cikin sunayen ƙofofin gari da Moore ya rubuta da kunnen Bature, kalmarmu ta ƙofa tana nan zaune daram. Ƙirgan da ya kawo kuwa na Dandanci ne.

Littafin bai yi kasuwa ba, aka manta da shi fiye da shekara ɗari. Allan Austin ya sake fito da shi a 1984 a cikin kundinsa na Musulmin Afirka da suka yi bauta a Amurka, sa'annan a 2001 Law da Lovejoy suka buga shi da cikakken sharhi, tare da wasiƙunsa da rahotannin jaridun New York na lokacin shari'ar. Jami'ar North Carolina ta sa matanin Ingilishin a rumbunta na intanet na labaran bayi, inda kowa zai karanta kyauta. A Birazil, inda dokar 2003 ta wajabta koyar da tarihin Afirka a makarantu, an fassara shi zuwa Fotugis, kuma wani masani ɗan ƙasar, Bruno Véras, ya jagoranci wani shiri na tattara takardun da suka shafe shi domin amfanin malamai da ɗalibai.

Malaman tarihin Amurka kan jera shi da wasu Musulmi biyu. Akwai Ayuba Sulaiman Jallo, Bafillacen Bundu da ke Senegal ta yau, wanda aka kai Maryland a 1731 tun Amurka tana ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, aka buga labarinsa a 1734, kuma ya dace ya koma gida a shekarar. Akwai kuma Umar ɗan Sayyid na Futa Toro, wanda ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831 ya kuma rasu yana bawa a North Carolina; babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa rubutun hannunsa a intanet a 2019. Amfanin Gado a tsakaninsu shi ne yana tuna wa ɗalibin Amurka cewa ƙasarsa ƙaramin yanki ce na wannan labari. Ƙididdigar rumbun SlaveVoyages ta nuna an ɗora mutum wajen miliyan 12.5 a jirage daga Afirka, wajen miliyan 10.7 suka sauka da rai. Birazil ta karɓi kusan miliyan 5, alhali waɗanda aka kai Amurka ta Arewa kai tsaye ba su cika 400,000 ba. A ganina malamin tarihi a Lome ko Sokode ya fi na Boston buƙatar wannan ɗan littafi, domin rabinsa labarin hanyoyinmu ne da kasuwanninmu, kuma aikin mayar da shi Hausa ba zai gagari malami ɗaya mai himma ba.

Mu koma ga mai littafin. Kuɗin da ya sa rai zai samu daga sayar da shi bai taru ba. A watan Janairun 1855 ya hau jirgi zuwa Liverpool, tashar da jiragen Afirka ta Yamma ke tashi, da niyyar ya sami hanyar wucewa. Shekara biyu bayan haka yana nan Ingila. A 1857 ya sake aika roƙo ga 'yan mishan na Baptis da suka karantar da shi, cewa su tura shi Afirka, su kuma suka ɗage maganar zuwa wani lokaci. Wannan ita ce takarda ta ƙarshe da masu bincike suka samu ɗauke da sunansa. A lokacin shekarunsa sun kai wajen 33, sha biyu daga cikinsu ya yi su ne a ƙetaren teku.